Hoton jirgin Lancaster da na saya kusa da Lincoln: kayan ya yi, amma kawo shi gida ya ba ni wahala

Tun ranar da muka yi kiran bidiyo da 'yan ajinmu na sakandare wasu suka hango hoton nan a bayana ake ta tambayata a ina na samo shi, nawa ne, kuma wai me ya haɗa ɗan Kurna da jirgin yaƙin Turawa. To yau ba ni da aiki, bari in zauna in faɗa muku komai sau ɗaya, daga shagon har kuɗin har ɓacin ran da na sha kafin ya hau bango. Sunan shagon ba zan kama ba saboda akwai inda zan yi ƙorafi, kuma mai shagon dattijo ne da ya mutunta ni, ba na so in ɓata masa kasuwa a kan abin da daga baya ya gyara. Wani ɗan ƙaramin gari ne dai kusa da Lincoln a nan Ingila, inda nake zaune shekara uku kenan.

Mafarin abin wata Asabar ce da rani ina shanya a bayan gida sai na ji wani gurnani daga sama. Ni da na tashi ƙarƙashin hanyar jiragen da ke sauka filin Malam Aminu Kano ai na san kukan jirgi, amma wannan daban ne, ba ƙara mai tsinin nan ta jiragen zamani ba, abu ne mai kauri da kake jin sa a ƙirji kafin kunne. Kafin in ɗaga kai maƙwabta duk sun fito, har da wata tsohuwa da sandarta wadda ba kasafai take leƙowa ba. Jirgin ya wuce ƙasa-ƙasa, cikinsa baƙi, farfela huɗu, wutsiya biyu. Ita tsohuwar ce tace min Lancaster kenan, jirgin jefa bam na Birtaniya a yaƙin duniya na biyu, daga sansanin sojan sama na Coningsby yake tasowa, kuma cikin guda 7,377 da aka ƙera biyu ne kacal suka rage masu tashi a duniya, wannan da wani a Kanada. Tana maganar idonta na kan sama har ya ɓace.

Wannan ne ya kai ni wurin tunawa da sojojin jiragen jefa bam da ke kan tudun Canwick, International Bomber Command Centre, wanda aka buɗe a 2018. Akwai wata doguwar hasumiya ta ƙarfe mai launin tsatsa, tsawonta mita 31, daidai faɗin fukafukan Lancaster daga wannan baki zuwa wancan, in ka tsaya a gindinta kana hango babban cocin garin can kan ɗaya tudun. Kewaye da ita bangaye ne na ƙarfe an huda sunaye a jiki, huda ta gaske har haske na wucewa, kusan suna 58,000, ba a rubuta muƙamin kowa ba, hafsa da ƙaramin soja duk suna ne kawai, dangi na zuwa su cusa jan furen nan na takarda a ramin harafin sunan nasu. Cikin mutum 125,000 da suka yi aiki a cikin jiragen jefa bam na Birtaniya a yaƙin duniya na biyu, 55,573 sun mutu, wato 44 cikin kowane 100. Yawancinsu 'yan shekara ashirin da ɗoriya kaɗan, wasu 19, sa'annin ƙanina da yake jami'a yanzu. Kuma ba wanda aka tilasta wa shiga jirgi, su suka kai kansu. Na daɗe a wurin fiye da yadda na shirya, na dawo gida abin bai sake ni ba, shi ya sa da wani abokin aikina ya ba ni labarin shagon da ke sayar da zanen jiragen nan zalla nace sai na je.

Shagon bai fi shagon tela biyu a haɗe ba. Kana tura ƙofa warin katako da gam ke fara tarbarka don a ɗakin ciki suke haɗa firem. Bango ko'ina hotuna har sama, sannan ga wasu akwatuna a tsakiya da aka jera bugaggun zane cikin leda kana buɗawa ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba atamfa a Kantin Kwari. Abin da ya fara burge ni shi ne dattijon bai bi ni da ido ba irin yadda ake mana a wasu shagunan, ya gaishe ni, yace in duba a hankali, ya koma kan aikinsa, sai da na kai minti ashirin ina jujjuyawa sannan ya zo da shayi a kofi ya tambaye ni ko wani nawa ya yi aiki a jiragen ne. Nace a'a, daga Najeriya nake, sha'awa ce kawai. Bai nuna mamaki ba, ya jawo kujera.

Kayan nasu hawa-hawa ne. Akwai bugun gama-gari wanda ake buga ko nawa ne, wannan daga fam 35 zuwa 50. Akwai mai lamba, wanda za ka ga an rubuta misali 212/500 da fensir a ƙasa, ma'ana 500 kawai aka buga kuma mai zanen ya sa hannu, wannan fam 95 zuwa 150 gwargwadon girma. Sai wanda tsofaffin sojojin da suka tashi a jiragen suka sa wa hannu, shi kuma daga fam 200 ya yi sama, in sa hannun sanannen mutum ne sai abin da ka gani. Ainihin zanen fenti a kan kyalle kuwa ko tambaya ban yi ba da na hango sifili uku. Duk wannan ban da firem fa, firem kuɗinsa daban. Kuma ba ciniki, ba albarka ba sallama, abin da aka rubuta shi ne, na dai gwada ya yi dariya ya rage min fam 10 a kuɗin firem. Kowa ya lissafa a naira da kansa, ni dai sai da na yi wata biyu ina ɗan ware wani abu daga kuɗin ƙarin awa kafin na koma.

Gaskiya yawancin hotunan ba su kwanta min ba. Sun yi kyau da yawa. Jirgi tsaf kamar yanzu aka wanke shi, rana na faɗuwa jawur a bayansa, gajimare kamar auduga, ka rantse tallan sabuwar mota ne. Wanda ya fito daga wurin bangon sunayen nan ya ga wannan sai ya ji kamar an share wani abu. Ban ce masu zanen ba su iya ba, sun iya ƙwarai, har kusoshin jikin jirgi za ka ƙirga, amma ƙarfe suka zana, yaran da ke ciki ba su shigo ba.

Sai can ƙasan akwati na biyu na ci karo da wannan. Asubahi ne, gari bai gama wayewa ba, gonaki sun yi fari da raɓar ƙanƙara. Jirgin ya yi ƙasa sosai yana neman sauka, farfela uku na juyawa ta huɗun ta tsaya cak, ana ganin ganyayenta uku a sandare, baƙin hayaƙi ya yi zane a kan fuffuken daga injin har baya. Jikin wutsiya duk huji. Can ƙarshen jirgin, ɗan kejin gilashin da mai bindigar baya yake zama, a fashe yake, bindigogin sun sunkuya ƙasa ba mai riƙe da su. A nesa cikin hazo ga hasumiyoyin cocin Lincoln 'yan mitsi-mitsi, wanda matuƙan ke hangowa su san sun iso gida. A ƙasa gefen titin saukar kuma motar asibiti ce ƙofarta ta baya a buɗe, da wani mutum ɗaya riƙe da keke ya ɗaga kai. Ba fuskar kowa a hoton, ko mai keken bayansa kake gani. Wallahi na fi minti biyar ina riƙe da shi ban ce komai ba.

Dattijon ya ɗora yatsa a kan kejin nan ya fara ba ni bayani, kuma a nan ne na san ba sayarwa kawai ya iya ba. Mutum bakwai ne a kowane Lancaster, matuƙi ɗaya tak ba mataimaki, sai injiniya a gefensa, mai taswira a bayan labule da 'yar fitilarsa, mai sakin bam kwance a hancin jirgi, mai rediyo, mai bindigar sama, sai mai bindigar baya. Shi wannan na bayan shi kaɗai yake, nesa da kowa, zai yi awa shida bakwai takwas a takure yana kallon duhu, ba ya jin 'yan uwansa sai ta waya a kunne. Sanyi a can sama yana kaiwa 40 ƙasa da sifili, ka taɓa ƙarfe da hannu tsirara fatarka ta manne, amma duk da haka da yawansu cire gilashin tsakiya suke yi don su fi gani da kyau, saboda jirgin Jamusawa da ke farautarsu da dare daga baya ko daga ƙasa yake lallaɓowa. Wurin ya yi ƙunci har lemar saukarsa ba ta shiga tare da shi, a bayan ƙofa cikin jirgi ake rataye ta, in wuta ta kama sai ya buɗe ƙofa ya laluba ya ɗauko ya maƙala sannan ya fita. Ƙofar tsira ta gaba ma ƙanƙanuwa ce ga mutum mai kaya jibgi a jiki. In aka harbo Lancaster, cikin 100 kusan 15 ne ke fita da rai, ka ga kusan mutum ɗaya kenan a cikin bakwai ɗin.

Ya jawo wani bugun ya nuna min, na wani ɗan Kanada mai suna Andrew Mynarski. A watan Yunin 1944 aka harbi jirginsu a sararin Faransa wuta ta kama, matuƙi yace kowa ya fita, shi Mynarski har ya kai ƙofa sai ya hango abokinsa Pat Brophy mai bindigar baya ya maƙale a keji, kejin ya ƙi juyawa. Ya ratsa cikin wuta ya je yana sara da gatari yana ja da hannu, kayansa da lemarsa suka kama da wuta, abin ya ƙi, har Brophy ya yi ta masa alama ya tafi. Da ya koma bakin ƙofa sai da ya juyo ya sara wa abokin nasa sannan ya yi tsalle yana ci da wuta. Ya kai ƙasa da rai amma ƙunar ta kashe shi. Shi kuma Brophy da aka bari a ciki, jirgin ya faɗi da shi ya wurgo shi waje ya rayu, shi ya dawo ya ba da labari har aka ba Mynarski lambar Victoria Cross, lambar jarumta mafi girma ta Birtaniya, a 1946. Wanda bai da sauran kwana da wanda yake da shi kenan. Wannan bugun ma ya yi kyau amma wutar ta yi yawa, ba zan iya rataye shi inda yara ke kallo kullum ba.

Nawa mai lamba ne kuma da sa hannun tsofaffin sojoji biyu, fam 220. Sa hannun da fensir ne a farin gefen takardar, ɗaya a tsaye yake tsaf, ɗayan kuwa hannun rawa yake, harafin farko ya fita daga layi ya dawo, a ƙasa ya rubuta lambar rundunarsa da ƙananan haruffa. A gaskiya wannan rubutun mai rawa shi ya sa na ƙara kuɗin. Ka tuna ana so kowa ya yi tafiya 30 kafin a ba shi hutu, kuma akwai daren da ba a mantawa, kamar na 30 ga Maris 1944 da aka tura jirage 795 birnin Nuremberg na Jamus 95 ba su dawo ba, mutum 545 a dare ɗaya. Mai wannan hannun ya ratsa irin wannan zamanin ya tsufa har hannunsa ya yi rawa. Yanzu kusan duk sun ƙare, wanda yake 19 a 1945 lissafa ka gani, don haka sabon sa hannu ba zai ƙara fitowa ba. Shawarata ga mai son irin wannan, kar ka saya sai da satifiket mai ɗauke da lambar bugun da sunayen waɗanda suka sa hannu, kuma ka yi hattara da na intanet masu arha. Nawa ya zo da satifiket da 'yar takarda mai tarihin mutanen biyu a taƙaice.

Akwai abin da ya tsaya min a rai game da shagon gaba ɗaya, kuma na faɗa wa dattijon a gabansa. Bango guda sukutum na harin madatsun ruwan Jamus ne na daren 16 ga Mayu 1943, wanda runduna ta 617 ta tashi daga Scampton nan kusa da mu, jirage 19, mutum 133, shugabansu Guy Gibson yana da shekara 24. Jarumta kam ba a magana, tuƙa wannan ƙaton jirgin ƙafa 60 kacal a saman ruwa cikin dare ana harbinka, jirage 8 suka salwanta, mutum 53 suka mutu. Amma duk hotunan a daidai lokacin da ruwa ya yi tsiri sama suke tsayawa. Ba mai zana abin da ya faru a kwari bayan madatsun Möhne da Eder sun fashe, inda ruwa ya cinye mutum sama da 1,300, da yawansu ma ba Jamusawa ba ne, bayin yaƙi ne da aka kwaso aikin dole, har da mata masu yawa. Haka Hamburg a Yulin 1943 inda wuta ta ci kusan mutum 40,000, haka Dresden a Fabrairun 1945 kusan 25,000. A hotunan nan birni ɗan jan haske ne kawai a ƙasan gajimare. Mu da muka ji abin da ya faru a Rann a 2017 da Tudun Biri a 2023 ba sai an gaya mana abin da ke ƙarƙashin wannan jan hasken ba, akwai uwa da goyo a wurin. Dattijon bai yi musu ba, yace mahaifiyarsa ma ta kwana a ramin ɓuya lokacin da Jamusawa ke ruwan bam a garinsu, ya san ɓangaren biyu, amma ba mai sayen wannan ya rataye a falo. Na yarda da shi a kan kasuwa. Ni dai har yanzu ina ganin yaran nan jarumai ne da ba su suka zaɓi inda za a jefa ba, kuma ina ganin waɗanda suka mutu a ƙasa mutane ne kamar su, zuciyata ta ɗauki duka biyun, shi ya sa ma na zaɓi hoton da motar asibiti ke jira.

Kuma wannan rigimar ce ta sa aka yi watsi da sojojin jiragen nan bayan yaƙi. Churchill, firayim ministan Birtaniya na lokacin, bai ambace su ba a jawabinsa na nasara, ba a yi musu lambar yabo tasu ta daban ba, sai 2012 aka buɗe musu wurin tunawa a Green Park a Landan, a 2013 aka fara ba su ɗan ƙarfen da ake maƙalawa a jikin lamba, lokacin yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. To a tsawon shekarun nan irin waɗannan zanen ne iyalai ke saye su tuna da nasu. Ina wurin wata mata ta shigo da 'yar takarda a hannu, lambar runduna da haruffan jikin jirgin ƙanin kakanta, tana neman ko akwai zanen da ya yi kama. Dattijon ya sauko da wani babban littafi suka duƙa a kai, ya manta da ni na kusan rabin awa, kuma ban ji haushi ba ko kaɗan.

Ƙorafina na biyu shi ne babu mu a shagon, ko ɗaya. Kuma ba wai ba mu cikin tarihin ba ne. Ban da kakanninmu da aka kwasa yaƙin Bama, tun Satumbar 1940 jiragen yaƙi ake kawowa a akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a Gana, a haɗa su a can, su taso ta Legas su sauka Kano, su wuce Maiduguri, su ratsa Chadi zuwa El Geneina da El Fasher a Sudan, Khartoum, har Masar. Jirage sama da 5,000 suka bi wannan hanyar, yawanci ƙaramin jirgin bam Blenheim ke gaba yana nuna hanya ƙananan jiragen yaƙi 'yan Hurricane na biye da shi kamar kaza da 'ya'yanta. Ku duba min wannan a zane, Blenheim na saukowa cikin hazon hunturu, ganuwar Kano da Dala a ƙasa. Sannan akwai Akin Shenbanjo ɗan Najeriya, mai rediyo a jirgin bam Halifax na runduna ta 76, wanda abokan tafiyarsa suka raɗa wa jirginsu suna Black Prince saboda shi, har lambar jarumta ta sojan sama, DFC, ya samu. Akwai Johnny Smythe ɗan Saliyo mai taswira, aka harbo su a 1943 ya yi zaman fursuna a Jamus har ƙarshen yaƙi, ya koma gida ya zama babban lauya. Dattijon ya san labarin Smythe, na Kano ne bai taɓa ji ba, ya ɗauko biro ya rubuta, yace zai yi wa wani mai zane da suke hulɗa magana.

Yanzu ga inda abin ya ɓaci. Na zaɓi baƙin firem na katako da farin kwali a gefe, fam 85 bayan ragin, aka ce kwana goma zuwa sati biyu, za su aiko min gida fam 15. Sati biyu ya wuce shiru, na tura imel ba amsa, na kira ba a ɗauka, sai a sati na uku wata yarinya ta ɗauka tace mai haɗa firem ɗin ba shi da lafiya. Allah ya ba shi lafiya, amma ai saƙo ɗaya ya isa a sanar da mutum, ba sai ya yi ta bibiya kamar mai bin bashi ba. Sati na huɗu kaya ya iso, na dawo daga aikin dare na tarar an jingine shi a bakin ƙofa a waje ana yayyafi, kwalin ya jiƙe ta gefe ɗaya. Ina ɗagawa na ji ƙaras-ƙaras a ciki, gabana ya faɗi. Gilashin ya tsage daga kusurwa zuwa kusurwa, wani ɗan tsinin ya karce farin kwalin, saura kamar faɗin yatsa ya taɓa sa hannun nan mai rawa. Ledar kumfa falle ɗaya kawai suka naɗa, ba su sa komai a kusurwoyin ba, kayan fam ɗari uku da wani abu fa. Ranar ko barci ban iya yi ba don takaici.

Na ɗauki hotuna na tura, wannan karon dattijon da kansa ya kira kafin azahar, bai tsaya ɗora wa masu kawo kaya laifi ba, yace naɗin nasu ne bai yi ba. Na mayar da shi da kaina, suka canza farin kwalin, suka sa min gilashin roba mai kare hasken rana ba tare da ƙarin ko sisi ba, suka dawo min da fam 15 ɗina, kwana biyar na je na ɗauko. Don haka haƙƙinsu ne in faɗa, sun gyara. Amma wata ɗaya da rabi kenan daga biya zuwa ratayewa.

Ingancin bugun kansa ba abin cewa. Takardar mai kauri ce ba ta sheƙi, ko ka kunna fitila ba ta dawo maka da haske, baƙin jikin jirgin bai cushe ya zama dunƙule ɗaya ba, kana rarrabe inda fenti ya goge da inda mai ya zuba. Abu ɗaya, launin ya fi duhu a zahiri kan yadda yake a shafinsu na intanet, wanda zai yi oda daga nesa ya san da wannan. Haɗin firem ɗin ma tsaf, kusurwoyi sun haɗu ba gibi, bayan an like shi da kyau.

Da na shigo da shi uwargida ta duba tace, "Baban yara, ba dai mai mutane ba ne ko?" Nace ki duba da kanki. Ta duba ta ga ba fuska, mai keken ma bai kai tsawon ɗan yatsa ba, duk da haka muka yi shawara ba za a sa shi a ɗakin da muke salla ba, yana ɗan lungun da nake karatu. Ita wani daban ta gani a 'yar takardar tallan da suka saka a kwalin, Lancaster ya yi ƙasa-ƙasa a kan gonakin Holan yana zubo buhuna mutane na ɗaga hannu. Na ba ta labarin, ƙarshen Afrilun 1945 ne yunwa ta kashe mutane kusan 20,000 a can a wannan hunturun, sai jiragen nan dai da yaran nan dai aka cika su da gari da sauran kayan abinci maimakon bam, tan sama da 6,000 suka zubar cikin kwana kamar goma, kuma sunan da aka sa wa aikin Manna. Tace mannun da muke karantawa na Banu Isra'ila? Nace shi fa. Tace to wannan take so a falo, in dai mutanen daga nesa suke.

Masu tambaya ko za a iya kai wa Najeriya, ana iyawa, amma kar ka sayi mai firem. Ka ce a naɗe maka shi a bututun kwali ka sa a jakar hannu, in ka isa ka kai wa masu firem na gida, sai dai ka tsaya a kansu kar su shafa gam a bayan takardar ko su yanke farin gefen da sa hannun yake, in suka yanke kuɗinka ya tafi. A like bayan sosai saboda ƙurar hunturu, kuma kar a rataye shi inda rana ke bugawa ta taga.

Na bar wa dattijon lambata saboda maganar zanen Kano, na kuma tura masa hotunan Dala da Ƙofar Na'isa da nake da su a waya, ya amsa yace ya miƙa wa mai zanen. Na Manna ɗin na biya kuɗinsa, gama-gari ne fam 45, Asabar mai zuwa zan je, wannan karon da kaina zan ɗauko shi a kujerar baya na lulluɓe shi da bargo.